Kafin Ki Nemi Kara a Tudun Gawo

Daga Kwaya, ana cikin yankan gero

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya tsare ki a hanyar yashi, ya sauke ki lafiya, ya kare ki daga sharrin baki da na ido, ya sa ki shiga garin mutane da ƙafar dama. Ina kiranki Uwata kamar kullum, tunda sunan mahaifiyata kika ci, bakina ba ya iya faɗinsa.

Ki karanta takardar nan kafin moto ya wuce Guci. Na rubuta ne don kin san halina. In na buɗe baki kan abin da ya dame ni, sai in tsaya gyara shekara da sunan wata, ke da innarki ku yi ta dariya, maganar ta tsinke. Kuma wannan ce wasiƙar farko da na rubuta da Hausa bisa ƙa'ida, tunda sai bana, da furfurata, na gama makarantar horar da malamai a Damagaram, shekara ɗaya da ke. In kin ga kuskure ki gyara da jan biro, ba zan ji haushi ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. An tura ki Tudun Gawo ki buɗe lakwal, makarantar boko, kuma babu ajin siminti a can. Ajin kara da zana ne, iyayen yara ke kawo su bayan girbi, gida-gida. In sun kawo, lakwal ta buɗe. In ba su kawo ba, biro, wato ofishin ilimi na Dungas, zai ɗauke ki ya kai wani gari, a rubuta cewa aikinki na farko bai tsaya ba, yaran garin kuma su sake zama. Na ce su sake, domin an taɓa buɗe lakwal a Tudun Gawo, a hannuna ta mutu. Sunana kuwa yana manne a bayan naki a takardar aikinki.

Innarki ta ce, "Isuhu nawa ne a ƙasar Damagaram? Ta yi shiru da bakinta, wa zai tona?"

Na ce mata kasuwar Guci ɗaya ta isa a tona. Amma bari in bi maganar daga tushe, don ki san irin ƙasar da za ki taka. Da nake rubuta aikina na ƙarshen karatu na zauna da tsofaffi a Magariya da nan Kwaya. Abin da na karanta a littafi zan ce miki na karanta, abin da aka faɗa mini zan ce an faɗa mini.

Lakwal ba da sallama ta shigo ƙasar nan ba. Zamanin Nasara kumandan ke aika wa sarki yana son yara, sarki ya aika wa maigari, dogari ya zo ya tafi da su. Mutane ba su ce ana ɗaukar yara ba, cewa suka yi ana kamu. Masu hali kan ɓoye nasu a miƙa ɗan bara ko ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa. Wannan na karanta, kuma tsofaffi sun tabbatar mini. Kakanki, mahaifina, a rumbu aka cusa shi ƙarƙashin zangarniyar gero, ya fito yana susa kamar mai ƙazwa. Aka tafi da ɗan maƙwabcinsu. Bayan an sami mulkin kai a 1960 yaron nan ya dawo gari cikin mota, ma'aikacin gwamnati. Kakanki yakan ce, "Ni aka ɓoye, shi aka kama, yanzu ni ke kama masa ƙofar mota." Dariya yake yi, amma da hannunsa ya kai ni lakwal, bai jira kowa ya zo ba.

Kuskurena na farko a Tudun Gawo daga nan ya fito. Mu da muka yi karatu a gari mun mai da kalmar kamu abin wasa, ba ma jin nauyinta. Ranar da na sauka na ce wa mai shela ya sanar gobe za a yi kamun yara na lakwal. Ya dube ni, ya ce, "Haka zan faɗa?" Na ce haka. Gari ya waye babu yaro ko ɗaya a fili, ko kuka ba ka ji. Wata tsohuwa ta leƙo ta saman danga ta ce da ni, "Ɗan nan, ina dogarin naka?" Sai da maigari ya bi gidaje da kansa kafin a fito da su daga cikin dawa.

Don haka kada ki fara da shela. Ki bi gida-gida da ƙafarki, ki cire takalmi, ki zauna kan tabarma, ki bari gaisuwa ta kai ƙarshenta ko da rana na yi. Ki ce amanar yara kika zo nema. Kalmar da ba ki san tarihinta a garin ba, ki fara gwada ta a kunnen wata dattijuwa kafin ki sake ta a fili.

Lakwal ɗin da na yi ni kuma, ta bayan mulkin kai ce. An daina kamu, ana ta buɗe sababbin azuzuwa, amma harshe bai sauya ba. Daga ranar farko Faransanci ne, yaro bai san ko sannu a cikinsa ba. Don a hana mu Hausa akwai abin da ake kira sambol. Namu muƙamuƙin jaki ne da aka ɗaura wa igiya. Duk wanda aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa, shi kuma ya kasa kunne ya kama wani ya sauke masa. Wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan bulala. Ni na taɓa ɗaukarsa don rina ta harbe ni na ce wayyo. Aka yi ta gardama ko wayyo Hausa ce, malam ya yanke cewa Hausa ce. Abin ya mai da mu masu tsegumin juna, aboki na taka ƙafar aboki don ya yi magana.

Sai bana na karanta cewa tun 1973 an buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda ake fara koya wa yara da Hausa. Na sake dubawa a wani littafin don in tabbatar, haka ne. Tana can muna nan muna rataye da ƙashi, labarinta bai iso mu ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in gwamnati ta so ta kai lakwal ƙauyuka da yawa a lokaci ɗaya, malaman da aka horar kuwa ba su isa ba. Aka ɗebi irinmu masu barbe, takardar gama ƙaramar sakandare, aka yi mana ɗan horo na gaggawa, aka sa mana suna malaman kwantiragi. Ba na raina wannan, da shi na ci da ku, kuma ta hanyarsa yara da yawa suka ga allo. Amma abin da ba a koya mini ba, da abin da aka yi mini na cike gurbinsa.

Bayan rikicin shela ya lafa, mutanen Tudun Gawo sun yi mini abin da ban cancanta ba. Suka kafa dirkoki gindin babban gawon da ke gabas da gari, suka zagaye da zana, suka rufe da karan gero, mata suka kawo ruwa aka kwantar da yashi. Wanda ya fara kawo dami shi ne Malam Habu, ladanin garin. Dami a ka, ɗansa Lawali a hannu. Ya sauke, ya ce, "Mushe, ga amana." Kin san haka ake kiran malamin lakwal namiji a ƙasar nan, daga kalmar Faransanci.

Ni kuma na tafi bayan gari na tsinto ƙashin jaki, na wanke, na ɗaura masa igiya. Ban yi da mugunta ba, Allah ya sani. A kaina lakwal ba ta cika lakwal ba sai da shi, kamar alli da tablo, baƙin allon aji.

Wata safiya ina kiran suna. Na koya musu kalmar Faransanci da ake amsawa da ita. Na ce, "Lawali Habu." Ya miƙe ya ce, "Na'am, Mushe." Yara suka ɗau ihu ya yi Hausa. Na rataya masa. A lakwal ɗinmu ta gari ƙashin ba ya fita, a ƙusa yake kwana. Ni na ce ya tafi da shi gida don ya ji a jikinsa. Yaron ya tura shi cikin riga saboda kunya, ya bi ubansa masallaci sallar azahar. Da ya yi ruku'u ƙashin ya zubo ta wuyan riga yana lilo a cikin sahu.

Ina cikin aji bayan la'asar Malam Habu ya zo da mutane a bayansa. Ya sarƙafo igiyar a bakin sanda, bai yarda ya taɓa ba.

"Mushe, ƙashin mene ne wannan?"

"Na jaki ne, malam. Dokar lakwal ce, sambol ake ce masa."

"Wa ya yanka jakin?"

Na ce ai ba a yanka jaki.

"Wato mushe ne. Da shi ɗana ya tsaya gaban Allah. Me ya yi maka?"

"Hausa ya yi a cikin aji."

"Me ya ce?"

Na ce, "Na'am ya ce."

"Kai ka kira shi?"

"Ni na kira shi."

"To da me kake so ya amsa maka? Ni na koya masa. Babba ya kira ka, ka ce na'am."

Uwata, ƙashin kuskure ne, amma abin da na yi bayan wannan tambaya ya fi shi. Da na durƙusa na ce malam na yi laifi, a gafarce ni, ina jin da an wuce wurin. Sai na tsaya a tsaye, hannu cikin aljihu, na shiga yi wa mutumin da ya girmi ubana bayani cewa haka ake yi har a Yamai, cewa ci gaba ba ya zuwa sai da horo, ina cusa Faransanci tsakanin maganata don su ji nauyina. Wani daga baya ya ce, "Dama Mushe aka ce sunansa, ashe sana'arsa ce." Aka kwashe da dariya. Malam Habu bai yi dariya ba. Ya aje sandar da ƙashin a bakin aji, ya ce, "Allah ya ba mu alheri," ya juya.

Idan kika yi kuskure, kuma za ki yi, kada ki kare shi da doka. Doka tana Dungas, ke kina Tudun Gawo. Ki je gidan kafin su zo miki. Ban haƙuri ba ya rage wa malami daraja a idon yara, ni na gwada ɗayar hanyar na ga inda ta kai.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne yadda suka yi hukuncinsu, don ba irin wanda kika saba gani a gari ba ne. Ba wanda ya zage ni. Ba wanda ya kai ƙarata. Ana gaishe ni, ana aiko mini da fura. Yara ne suka riƙa raguwa, yau wannan ya tafi kiwo, gobe waccan ba ta da lafiya. Damina ta zo ta rushe ajin, awaki suka cinye zana, wannan kuwa haka yake kowace shekara, ajin kara ba ya tsallake damina. Da aka yi girbi na je wurin maigari neman kara. Ya ce, "Bana kara ya yi wuya, Mushe. Dabbobi." Ina kallon kara jibge kan kowane rufi da rassan itatuwa. Na koma, ya ce in Allah ya kai mu kasuwa mai zuwa. Na sake komawa, ya ce ana nan ana shawara. Na jingina tablo gindin gawo na zauna ni kaɗai har iska ta fara kayar da shi.

Sai na rubuta wa biro cewa mutanen Tudun Gawo ba sa son ilimi. Da hannuna na rubuta, da Faransanci mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Aka ɗauke ni, aka soke lakwal ɗin. Lokacin Dungas ba ta zama gunduma mai cin gashin kanta ba, sai a 2011 ta zama, don haka Magariya takardar ta tafi. Ban san ko tana nan ba. Amma na san duk wanda aka so turawa bayana ita ya fara karantawa. Kada ki taɓa rubuta wa biro wata magana game da gari wadda ba za ki iya karanta wa mutanen garin da Hausa ba, suna zaune a gabanki.

Da na dawo gida na ba kakarki labari ina huci, na ce sun hana ni kara. Tana tsintar wake, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ba su hana ka kara ba, Isuhu. Kai ne ba ka yi musu kara ba." A baki ana ɗan bambanta kalmomin biyu, karan gero daban, karar da ake yi wa mutum daban, amma a takarda haruffansu ɗaya. Na daɗe ina jin haushin maganar kafin in gane ita ce gaskiyar lissafin. Ajin ƙauye duk shekara sai an sake gina shi, wato duk shekara sai gari ya sake yanke shawara ko yana son malaminsa. Ba su da wata hanyar faɗa sai dami.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Bayan takardarki ta fito na je kasuwar Dungas. Ina neman ɗan kabu-kabu da zai mai da ni, wani mai gemu ya tsaya da motonsa a gabana, ya kashe.

"Mushe Isuhu."

Na dube shi da kyau. Na ce, "Lawali?"

Ya ce, "Na'am." Ya ɗan jira. "Ko har yanzu laifi ne?"

Na tambayi mahaifinsa, ya ce ya rasu. Na yi masa addu'a, na ce Lawali ka yafe mini. Ya ce, "Ni yaro ne lokacin, Mushe. Wanda ya kamata ka roƙa yana ƙasa." Bai faɗa da faɗa ba. Ya ce shi ne shugaban kwamitin iyayen yara, su suka yi ta zarya Dungas har aka yarda a sake ba su lakwal. Ya ciro salularsa ya nuna mini, ya ce in saƙo ya shigo sai ya nemi wanda zai karanta masa, har na matarsa. Ya ce yana da ƴa da ta isa shiga aji, ba ya son ta tashi haka. Sannan ya ce, "An ce mace za a turo mana, daga Kwaya. Sunan ubanta irin naka."

Na ce, "Ƴata ce."

Ya daɗe yana kallon tankin motonsa. Ya tayar, ya ce, "To. Gero dai bai gama shiga rumbu ba. Za mu gani." Bai ɗauke ni ba.

Jiya na faɗa wa innarki. Ta ce na zuba miki tsakuwa a tuwo tun ba ki zauna ba. Wataƙila tana da gaskiya. Ban sani ba ko Lawali ya faɗa wa gari, ko ya riƙe yana jira ya ga ko za ki ɓoye. Ina jin na biyun ne. Saboda haka ranar da kika sauka, gaban maigari, bayan gaisuwa, ke ki fara faɗa. Ki ce ke ƴar Mushe Isuhu ce wanda ya taɓa zama nan, kin san abin da ya faru, mahaifinki ya ce laifinsa ne. Kada ki ƙara, kada ki kare ni, kada kuma ki yi kuka. Daga nan ki nemi a raka ki gidan marigayi Malam Habu ki gaishe da iyalinsa. Maganar kara kuwa, kada ta fito daga bakinki a ranar. Sun san abin da ake gina aji da shi.

Wani abu zai ba ki mamaki. Ke an horar da ke ki fara koya wa yara karatu da Hausa, sannan Faransanci ya biyo. Za ki ji wani uba ya ce, "Hausa ai muna da ita a gida, Madam, Faransanci muka turo su nema." Kada ki yi masa wa'azi irin nawa. Shekaru ana nuna musu cewa harshensu abin rataya wa ƙashi ne, ba za su sauya don kin zo ba. Ki bari sai ranar da ƴarsa ta karanta masa saƙon salula da bakinta, maganar za ta mutu da kanta.

In Allah ya sa an gina ajin, ki tsaya a bar masa ƙofa biyu, ki zaunar da ƙanana kusa da ƙofa. Kada mai ƙosai ta kafa murhu kusa da zana, ko da matar maigari ce, ki roƙe ta da girmamawa ta matsa. Kara busasshe ba ya jiran a ɗebo ruwa. Wannan shi ne abin da ya fi tsorata ni bayan maganar Lawali.

Na ɗaure karan gonarmu na jingine bayan rumbu, ya isa aji har da saura. Innarki ta ce a loda a amalanken jaki a kai miki, kowa ya huta. Na kai hannu kan igiyar jakin, sannan na fasa. In kika gina aji da karan Kwaya, kin amsa wa mutanen Tudun Gawo tambayar da su ya kamata su amsa, kuma baɗi za ki tsaya inda na tsaya. Innarki ba ta yi mini magana ba tun safe. Zan jure.

Duk ranar da dami na farko ya faɗi gindin gawon nan, ki kira ni, ko ina tsakiyar darasi zan ɗauka. Kada ki faɗa mini yawansa. Gidan da ya fito nake son ji.

Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya kare ki daga wuta da ciwo da mugun ji, ya sanya ƙaunarki a zukatan mutanen da za ki zauna cikinsu. Allah ya jiƙan Malam Habu, ya jiƙan wadda kika ci sunanta. In kin kira yaro ya ce na'am, ki sa masa albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Isuhu